Mu Kai Yaranmu Bormi Tare da Malaman Tarihi

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe Shugaba, iyayenmu maza da mata, 'yan uwa 'yan Gombe mazauna Ingila, barkanmu da haɗuwa.

Kan asusun ilimi na bana na tashi magana. Shawarata ita ce mu ware wani kaso mu shirya zaman bita a Gombe lokacin dogon hutu, malaman tarihi na jami'o'inmu su zauna da samari da 'yan mata, waɗanda muke kaiwa gida da waɗanda ke can.

Yaranmu na nan za su lissafa maka matan Sarki Henry na Takwas su shida ba gargada, amma ambaci Buba Yero, wanda ya kafa masarautar Gombe, ka ga ana kallon-kallo. Na gida kuwa sun taso ne bayan an cire darasin tarihi daga firamare da ƙaramar sakandare, aka fi shekara goma kafin a dawo da shi.

Ni ba na son a tara su a zaure ana karanto musu shekaru. A sa su a mota a kai su Bormi, kusa da Bajoga, su taka wurin da ƙafarsu. Nan aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ranar 27 ga Yuli, 1903, bayan ya baro Sakkwato ya nufi gabas da jama'arsa. Manjo Marsh da ya jagoranci sojan Turawa, shi ma a nan ya mutu. Sai malami ya tambaye su: me ya kawo Bature har nan? Amsar za ta kai su taron Balin, babban birnin Jamus, na 1884 zuwa 1885, inda Turawa suka shimfiɗa ƙa'idar rabon Afirka. Waɗanda suka tsira fa, ina suka yi? Ɗan Attahiru, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya ja su har bakin Kogin Nilu a Sudan, kuma garin da ke ɗauke da sunansa yana nan, jikokinsu na jin Hausa har yau. Kun ga daga fili guda yaro ya leƙa Jamus, ya leƙa Sudan.

Kuma a bar su su yi gardama da malaman. Na san wasu iyayenmu za su ce rashin kunya ce. A yi haƙuri, a wannan zaman tambaya ita ce ladabi.

Abin da ake buƙata bai taka kara ya karya ba: mota, abinci, ɗan alherin malamai. Ranka ya daɗe, ina roƙon a ba ni mutum uku, da mace a ciki, mu kawo lissafi a taro mai zuwa.

Na gode. Wassalamu alaikum.