Jar Katangar Chasselay

Assalamu alaikum. Malamaina, iyaye, ɗalibai, barkanmu da yamma.

In aka ce kayan tarihin ƙauyen Faransa, hankali kan tafi ga tsohon coci ko gidan wani basarake. Ni kuwa yau zan kai ku wani ɗan gari a arewa da birnin Liyon, tafiyar kilomita 15 ko makamancin haka. Sunansa Chasselay, su suna cewa Shasle. Garin manoma ne masu lambunan 'ya'yan itace. Amma da ka fita bayan gari, a tsakiyar gonaki, sai ka yi kiciɓis da wata jar katanga mai tsini kamar zankwayen gidajenmu. Ka rantse a Agadas kake. Maƙabarta ce, suna kiranta Tata, wato ganuwa.

Su wa ke kwance a ciki? Sojojin Afirka 188. Faransa tana ce musu 'yan Senegal, amma suna ne kawai, don daga duk ƙasashen da ta mallaka a yammacin Afirka take ɗibar irin waɗannan sojoji, har da Nijar.

Ku riƙe kwanakin nan, a nan ɗacin yake. Ran 17 ga Yunin 1940, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, shugaban gwamnatin Faransa Marshal Pétain ya riga ya faɗa a rediyo cewa dole a daina yaƙi. Duk da haka aka umarci waɗannan bayin Allah su tare wa Jamus hanyar Liyon. Ran 19 da 20 suka yi ta fafatawa har harsashi ya ƙare. Da suka miƙa wuya, Jamusawa suka ware farare gefe, baƙaƙe gefe. Baƙaƙen aka kora cikin fili, aka buɗe musu wuta daga tankoki, aka bi ta kan waɗanda suka faɗi. Bayan kwana biyu kacal aka sa hannu a tsagaita wuta.

Mutanen garin ne suka tattara gawarwakin suka binne. Daga baya wani jami'in kula da tsofaffin sojoji, Jean Marchiani, ya dage sai an gina musu makwanci irin ginin ƙasarsu. Aka buɗe shi ran 8 ga Nuwambar 1942, yaƙi bai ma ƙare ba. Har ƙasa aka ɗebo daga Dakar aka kawo wurin.

Da na duba hotunan kaburburan, abin da ya tsaya mini a rai shi ne waɗanda ba suna a kansu, sai dai kalma guda da Faransanci: ba a san shi ba. Allah ya jiƙansu. Mai tambaya ya ɗaga hannu.