Amsoshin Tambayoyinku: Bakin Matar Gida a Zanen Gida

Masu sauraro, assalamu alaikum. Wasiƙarmu ta farko ta fito ne daga wata baiwar Allah a Katsina, wadda ta ce maigidanta ya kawo zanen gidan da zai gina, ta ga falo biyu manya, amma ɗakin girki ɗan tsukuku ne a lungu da taga ɗaya ƙarama. Tana tambaya ko rashin kunya ne ta nemi a sauya.

Malama, ba rashin kunya ba ne, kuma yanzu ne lokacin magana, domin gyara a takarda ya fi arha nesa ba kusa ba a kan rushe bango bayan an yi rufi. Ke ce za ki riƙa wuni a wannan ɗaki, kuma batun ya shafi lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida, wadda galibi hayaƙin itace da gawayi da kananzir ke haddasawa, ta yi sanadin mutuwar mutum kimanin miliyan 3.2 a 2020, kuma mata da ƙananan yara ne suka fi shaƙar ta. Saboda haka ki nemi tagogi biyu a bango daban-daban don iska ta ratsa, da ƙofar da za ta fita tsakar gida, da famfo kusa da murhu, da kantar da ta kai kusan santimita 90 ko wadda ta dace da tsayinki, don kada ki wuni a sunkuye kina yankan albasa.

Akwai abin koyi a Jamus. A 1926, wata mai zanen gine-gine 'yar Ostiriya, Margarete Schütte-Lihotzky, ta tsara ɗakin girki ga gidajen ma'aikata a birnin Frankfurt bayan nazarin zirga-zirgar mace tsakanin murhu da wurin wanke-wanke da ma'ajiyar abinci, aka kuma saka shi a gidaje kusan 10,000. Aikin ya rage wahala ƙwarai, amma daga baya an soki ɗakin da cewa mutum ɗaya kawai yake ɗauka, uwa ba ta iya girki tana sa ido a kan 'ya'yanta.

Wannan ya kai mu ga wasiƙa ta biyu, daga wani magidanci a Maraɗi, wanda ya ce uwargidansa ta nace sai an bar tsakar gida, shi kuwa yana ganin ɓarnar fili ce da za a iya fitar da shago a ciki.

Alhaji, ina bayan uwargida. Maginan gargajiya sun sa zaure a gaba don baƙi maza su tsaya a can, sai shigifa, sannan cikin gida inda mace take sakewa ba tare da mayafi ba. A tsakar gida ake daka da surfe da shanya, a nan ake kitso da taron suna, a nan kuma mata da yawa suke sana'ar da take rufa wa gida asiri, kamar soya ƙosai ko ƙuli-ƙuli. Idan filin ya yi kaɗan, ku rage falon baƙi, ku bar mata ko da taku kaɗan ne mai rumfa, a yi masa gangare zuwa magudana don kada ruwan damina ya kwanta, a kuma ɗaga katanga yadda maƙwabcin da ya gina bene ba zai hango ta ba.