Jawabin Maraba ga Mai Girma Kwamishina a Ziyararsa ga Ƙungiyarmu ta Wasan Kwaikwayo, Bauchi

Assalamu alaikum warahmatullah.

Mai Girma Kwamishina, ranka ya daɗe. Iyayenmu masu unguwanni, malamai, 'yan uwa maza da mata, barkanku da zuwa. A madadin 'yan ƙungiya ina yi maka lale marhabin, sannu da hanya. Mun san hidimomin da ke gabanka, amma ka taka har inda muke. Allah ya saka da alheri.

Ranka ya daɗe, wasan kwaikwayo ba baƙo ba ne a garin Yakubu. A 1942 Malam Aminu Kano ya zo koyarwa Makarantar Midil ta Bauchi, ya tarar da Malam Abubakar Tafawa Balewa yana koyarwa a wurin. Malam Aminu tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna yake rubuta wasanni don ya faɗa wa manya gaskiya. Shi kuwa Tafawa Balewa, labarinsa na Shaihu Umar da ya fito a 1934, Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasan dandali, aka buga a 1975, sannan Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa a 1976, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Bauchi. Duk wanda ya ce mana wannan aikin na marasa abin yi ne, waɗannan sunaye muke karanta masa.

Ƙungiyarmu ta sa-kai ce, ba mai karɓar albashi a cikinmu. Wasu malaman makaranta da ma'aikatan rediyo suka kafa ta, ganin yara sun fara mance tashe, wanda a da daga goma ga azumi kowace unguwa sai ta ɗauka. Da aron aji muka fara, bayan an tashi daga makaranta. Rawanin sarki na aro, zanin amarya daga akwatin uwar wani, fitila kuwa kowa ya zo da tasa.

Yau muna koya wa matasa rubuta wasa da tsayuwa a dandali, muna kuma naɗar tashe daga bakin tsofaffi tun suna raye. Amma abin da ya fi kwanta mini a rai shi ne fita ƙauye ranar kasuwa. Mukan share fili, mu yi wasa kan awon ciki, ko karatun 'ya mace, ko rikicin manomi da makiyayi. Idan wasa ya kai inda rigima ta yi tsanani sai mu dakata, mu tambayi 'yan kallo yadda za a raba gardamar. Na ga dattijon da ba ya yarda a yi masa zancen asibiti ya miƙe tsaye yana yi wa ɗan wasanmu faɗa saboda a cikin wasan ya hana matarsa zuwa awo. Wannan ranar ban yi barci da wuri ba saboda murna.

Kukanmu ɗaya ne, ranka ya daɗe: ba mu da wurin kanmu. Da damina ta kama, atisaye yakan tsaya, kayan wasa kuma suna rarrabe a gidajen mutane. Muna roƙon ɗaki ɗaya mai rufi da makulli, da izinin shiga makarantun sakandare mu farfaɗo da kulob-kulob na wasan kwaikwayo.

Yaranmu suna bayan labule, mako uku suna shirya maka ɗan gajeren wasa. Idan ka yi mana izini, sai su fito.