Mutum 12 da Makomar Wanda Ake Tuhuma: Yadda Shari'ar Juri Take Gudana a Amurka

Assalamu alaikum masu kallo. Ranar 20 ga Afrilu, 2021, a birnin Minneapolis na jihar Minnesota, alƙali Peter Cahill ya buɗe ambulan ya karanta wa duniya cewa tsohon ɗan sanda Derek Chauvin ya aikata laifin kashe George Floyd, wani baƙar fata da ya danne wa wuya da gwiwa. Sai dai ba alƙalin ne ya yanke wannan magana ba, shi karantawa kawai ya yi. Waɗanda suka yanke mutum 12 ne gama-gari, babu lauya ko alƙali a cikinsu, waɗanda aka kira daga gidajensu da wuraren aikinsu. Su ake kira juri.

A kotunan Najeriya alƙali ne ke sauraron shaidu, ya auna hujja, ya ce an yi laifi ko ba a yi ba, sannan ya yanke hukunci. A Amurka an raba aikin gida biyu. Tambayar ko abin ya faru yadda ake zargi, wannan ta juri ce. Alƙali kuwa shi ke riƙe da doka: ya ce wannan hujjar za ta shiga, waccan ba za ta shiga ba, ya tsawata wa lauyoyi, kuma a yawancin shari'o'i shi ke faɗin shekarun ɗauri. Tsarin gadon Ingila ne, Amurkawa kuma suka rubuta shi cikin kundin tsarin mulkinsu. Gyara na shida, wanda ya fara aiki a 1791, ya ba duk wanda ake tuhuma da laifi haƙƙin a yi masa shari'a a bainar jama'a, ba jan ƙafa, a gaban juri marasa son kai.

Kafin a kai ga wannan akwai 'yar tafiya. Ana kama mutum, a karanta masa tuhuma gaban alƙali, a tambaye shi ya amsa laifi ko ya musanta, a duba batun beli. Wanda ba shi da kuɗin lauya gwamnati za ta ba shi, tun bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 1963 a shari'ar Gideon. Chauvin an kama shi ranar 29 ga Mayu, 2020, kwana huɗu bayan mutuwar Floyd, ya fito a kan belin dala miliyan ɗaya a watan Oktoba.

To, inda wasan yake shi ne zaɓen mutum 12 ɗin, kuma nan ne galibin masu kallon labarai ba sa kula.

Kotu kan tsamo sunaye ne ta hanyar ƙuri'a daga rajistar masu zaɓe da ta masu lasin tuƙi, ta aika wa mutum sammaci. Zuwa dole ne. Kuɗin da ake biya kuwa bai taka kara ya karya ba, a kotunan tarayya dala 50 ne a rana. Idan suka hallara sai alƙali da lauyoyin ɓangare biyu su shiga yi musu tambayoyi. A shari'ar Chauvin matsalar ita ce kusan kowa ya ga bidiyon mutuwar Floyd da wata yarinya 'yar shekara 17 ta ɗauka da wayarta. Don haka ba a nemi wanda bai gani ba. Abin da aka riƙa tambaya shi ne: kin gani, to za ki iya ajiye abin da ke ranki ki yi hukunci da abin da aka kawo cikin ɗakin nan kaɗai? An tambaye su ra'ayinsu kan 'yan sanda, kan zanga-zangar Black Lives Matter ta neman haƙƙin baƙaƙen fata, har da ko sun taɓa fita zanga-zangar.

Lauya yana da hanya biyu ta cire mutum. Ta farko, ya nuna wa alƙali dalili, kamar a ce mutumin ya riga ya yanke hukunci a zuciyarsa. Wannan ba ta da iyaka. Ta biyu, ya ce kawai ba ya son wane, ba sai ya faɗi dalili ba, amma wannan a ƙidaye take. Da farko an ba lauyan Chauvin dama 15, masu gabatar da ƙara 9. Wannan hanya ta biyu ta daɗe tana zama kafar da ake fitar da baƙaƙen fata daga juri, har sai 1986 da Kotun Ƙoli, a shari'ar Batson, ta haramta cire mutum saboda launin fatarsa. Haramcin yana nan a takarda, amma lauya mai wayo ba ya rasa wani uzurin da zai fake da shi.

Ana tsakiyar zaɓen nan sai hukumar birnin Minneapolis ta sanar cewa za ta biya iyalan Floyd diyyar dala miliyan 27. Alƙali ya dawo da waɗanda aka riga aka zaɓa ya sake tambayarsu. Biyu suka ce gaskiya labarin ya taɓa tunaninsu, aka sallame su. A ƙarshe aka tsaya kan farar fata shida, baƙar fata huɗu, da ruwa biyu su biyu.

An fara sauraron shaidu ranar 29 ga Maris. Mai gabatar da ƙara ne ke farawa, domin nauyin kawo hujja a wuyansa yake. Wanda ake tuhuma ba sai ya tabbatar da cewa bai yi ba, yana iya ma yin gum, kuma Chauvin hakan ya zaɓa, bai ba da shaida ba. Doka ta hana juri ɗaukar shirun nan a matsayin alamar laifi. Kowane shaida, wanda ya kira shi zai yi masa tambayoyi, sannan lauyan ɗaya ɓangaren ya tashi ya yi ta tankaɗe da rairaya, yana neman inda magana za ta ci karo. Cikin shaidun akwai likitan huhu, Dakta Martin Tobin, wanda ya juya ga juri ya ce kowa ya sa hannu a wuyansa ya taɓa, yana nuna musu yadda gwiwa a wuya da dannewa a ƙasa ke toshe numfashi. Da yawansu suka sa hannu suka taɓa. Lauyan Chauvin, Eric Nelson, shi kuma ya dage cewa ciwon zuciya da ƙwaya ne suka kashe Floyd.

A ranar jawaban rufewa, alƙali ya karanta wa juri abin da doka ke buƙata a tabbatar a kowace tuhuma. Ma'aunin yana da tsauri: ba ya isa a ce da alama ya yi, sai hujja ta kai inda mai hankali ba zai sami wani kokwanto mai tushe ba. Daga nan aka rufe su a ɗaki su kaɗai, ba alƙali, ba lauya, ba kyamara, da dare a kai su otal. Sun yi kusan awa 10 suna tattaunawa.

Dole bakinsu ya zo ɗaya. Mutum guda ya tirje, an tashi ba hukunci, sai dai gwamnati ta sake sabuwar shari'a da sababbin mutane. Jihohin Louisiana da Oregon sun daɗe suna ɗaure mutane da ƙuri'a 10 cikin 12, Kotun Ƙoli ta kawo ƙarshen hakan a 2020 a shari'ar Ramos. Idan kuwa juri suka wanke mutum, magana ta ƙare, gwamnati ba ta da damar ɗaukaka ƙara, kamar yadda aka gani a shari'ar O.J. Simpson, tsohon ɗan wasan da aka tuhuma da kisa, a 1995. Ba kuma wanda zai tilasta musu bayyana dalilinsu. Chauvin dai sun same shi da laifi a tuhuma uku duka, alƙali Cahill ya ɗaure shi shekara 22 da rabi ranar 25 ga Yuni.

Sai dai kada wannan ya sa ku ɗauka haka ake yi wa kowa. Fiye da kashi 90 cikin 100 na waɗanda ake samu da laifi a Amurka ba su taɓa tsayawa gaban juri ba. Ciniki ake yi: mai gabatar da ƙara ya ce amsa laifi in rage maka tuhuma, ka ƙi kuma in juri suka kama ka ka sha ɗauri mai tsawo. Talakan da ba shi da kuɗin beli, yana kwance a gidan yari yana jiran ranar shari'a, sau da yawa amsawa yake yi don ya san matsayinsa. A ganina nan ne tsarin ya fi rauni, domin ƙarfin ya koma ofishin mai gabatar da ƙara, inda ba mutum 12 da ke kallo.

Shi kansa Chauvin ya bi wannan hanya. Gwamnatin tarayya ta shigar da tata tuhumar daban, ta take haƙƙin Floyd, kuma doka ta yarda da hakan tunda jiha daban, tarayya daban. A Disamba 2021 ya amsa laifi ba tare da an zauna shari'a ba, a Yulin 2022 aka yanke masa shekara 21, wanda yake yi a lokaci guda da hukuncin jiha.