Allurar Botox ta shekara da shekaru: lacca kan ciwon ɓarin kai da gyaran fuska

Assalamu alaikum. Jama'a, maganin da za mu yi magana a kai asalinsa dafi ne, na wata ƙwayar cuta mai suna Clostridium botulinum. Ɗan kaɗan ake tsira wa tsoka, ya tare saƙon da jijiya ke aika mata, sai ta saki. Bayan wata uku zuwa huɗu jijiyar ta farfaɗo, a sake komawa. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi don layukan tsakanin gira a 2002, don ciwon ɓarin kai mai naci kuma a 2010.

Mai naci fa na ce. Wato wanda kansa ke ciwo kwana 15 ko fiye a wata, sama da wata uku. Shi ake yi wa yunit (ma'aunin maganin ke nan) 155, a wuri 31, yunit biyar-biyar: goshi, tsakanin gira, gefen kai, ƙeya, wuya da kafaɗa, duk mako 12. A riƙa rubuta kwanakin ciwo a takarda. A Ingila, in an yi zagaye biyu kwanakin ba su ragu da kashi 30 cikin ɗari ba, dainawa ake yi. Na kwalliya kuwa, yunit 20 ya ishi tsakanin gira.

To, ina matsalar daɗewa? Tsokar da aka hana motsi shekaru takan rame. Wasu ƙalilan kuma garkuwar jikinsu kan gane maganin ta kashe masa kaifi, kuma yawan allura kusa da kusa ke jawo hakan. A nan masu haɗa biyun suke kuskure. Mace ta karɓi ta ciwon kai a asibiti, bayan mako uku ta je wajen gyaran fuska a ƙara mata, likita bai sani ba. Ku gaya masa, ya haɗa su rana ɗaya. Jimilla kada ta wuce yunit 400 a wata uku. Yunit ɗin Botox kuma ba daidai yake da na Dysport, wata allurar irin wannan dafin ta wani kamfani, ba.

In an yi allurar ƙasa-ƙasa a goshi, gira ta sauko ko fatar ido ta rufto. Yakan warware cikin makonni. Amma wahalar haɗiya ko numfashi, wannan asibiti ne nan take. Mai ciki da mai karɓar allurar jentamaisin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, su faɗa tun kafin a zuƙi maganin. Kwalbar kuma a firji take zama, digiri 2 zuwa 8. In an haɗa ta da ruwan gishiri na allura, kada ta wuce awa 24.