Jawabin maraba ga Mai girma Ministan Lafiya a ziyararsa ta Tawa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma Ministan Lafiya, mai girma Gwamnan jihar Tawa, masu martaba sarakunanmu na Adar, malamai, iyayenmu mata, abokan aiki, jama'a baki ɗaya.

Ranka ya daɗe, barka da sauka, sannu da hanya. Ma'aikatan lafiyar wannan jiha suka ɗora mini maganar nan, don dai na riga su furfura. Abin tarbarmu kaɗan ne, amma an ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Mun san abin da kuka ratso daga Yamai: kilomita fiye da 500, ta Doso da Dogonduci da Ƙonni, ga ƙurar hunturu. Ina roƙon ku riƙe mini hanyar nan a zuciya, zan komo kanta.

Zuwanku ya dace da 15 ga Fabrairu, ranar da duniya ke tunawa da yara masu ciwon daji. Kafin koke, godiya. Tun 2006 ƙasarmu ta ɗauke kuɗin magani ga yara ƴan ƙasa da shekara 5. A 2021 aka buɗe sashen gasa ciwon daji da haske a cibiyar ƙasa da ke Yamai, abin da a da sai an ƙetare iyaka. A 2024 kuma allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro ta shigo. Wannan ta ƙarshe ita nake so in daɗe a kanta, domin mu a nan muna lissafa ta cikin yaƙi da ciwon daji.

Ga dalili. Akwai wani ciwon daji da ke kumbura wa yaro muƙamuƙi ko ciki, haƙora su yi ta girgiza, iyaye su ɗauka ciwon haƙori ne ko sammu. Wani likita mai suna Denis Burkitt ya bayyana shi a Uganda a 1958, ya kuma lura cewa ciwon na bin ƙasashen da sauro ya yi yawa. A 1964 aka gano ƙwayar cutar Epstein-Barr a cikin irin wannan kumburi. Kusan kowa cikinmu yana ɗauke da ita tun yarinta, ba ta kuma dame shi ba. Binciken shekarun baya-bayan nan ya ƙara haska yadda abin ke haɗuwa: zazzaɓin da ke kama yaro damina bayan damina yana tilasta wa ƙwayoyin jini masu tsaron jiki su yi ta hayayyafa, ita kuma waccan ƙwayar cuta ta hana waɗanda suka lalace mutuwa. Cikin wannan gaggawa sai a yi kuskure, wata ƙwayar gado da ake kira MYC, mai sa ƙwayoyin jiki su hayayyafa, ta koma inda ba a iya rufe ta, kamar famfon da aka buɗe aka jefar da makulli. Kumburin kan iya ninkawa cikin kwana ɗaya ko biyu. Amma saurin nan nasa shi ke sa magani ya kama shi da kyau, idan yaro ya iso da wuri.

To wane yaro ne sauro ya fi ci? Wanda gidan sauronsu ya yage, wanda tamowa ta riga ta raunana. Haka batun hanta yake. Gyaɗa da masara da aka adana da danshi suna yin fumfuna mai dafin aflatoksin, kuma idan dafin ya haɗu da ciwon hanta nau'in B, haɗarin dajin hanta yana ninkuwa sosai. Mai hali yakan tsince ruɓaɓɓen ƙwaya ya zubar. A gidan da rumbu ya ƙare tun kafin damina kuwa, har da ruɓaɓɓen ake niƙawa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu arziki fiye da yara 80 cikin 100 masu ciwon daji suna warkewa, a ƙasashe irin namu da yawa kuwa ba su kai 30 ba. A 2018 ta sa burin a kai 60 cikin 100 kafin 2030. Ranka ya daɗe, mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba masa, kuma mu mun ga inda tazarar nan take. Ku tuna hanyar da kuka biyo, sai ku ɗora a kanta wata uwa daga karkarar Buza ko Keita, maigida yana cin rani a Abijan ko Libiya, sai an same shi a waya ya ba da izini, sai an kai akuya kasuwa an sami kuɗin mota. Ta isa Yamai ba ta da masauki, magani kuma na watanni ne. Yaro yana fara samun sauƙi ta ɗauko shi ta komo, don ta bar huɗu a gida. A takarda mukan rubuta cewa ta daina zuwa. Ni dai hannuna yana nauyi duk lokacin da zan rubuta hakan.

Saboda haka kokenmu bai kai sayen babbar na'ura ba. Muna roƙon a horar da ma'aikatan ƙananan asibitocin karkara su gane alamun farko: farin ɗigo a idon jariri kamar idon kyanwa da dare, kumburin ciki da bai yi kama da na tamowa ba, muƙamuƙin da ya tashi cikin mako biyu. Muna roƙon a tsara yadda za a ɗebi nama a nan Tawa a aika gwaji, sakamako ya dawo ta waya, don kada a ɗaga uwa sai an tabbatar. Mafi girma a wurinmu, a sama wa iyaye masauki da abinci kusa da inda ake jinya, a kuma ɗauke musu kuɗin mota. Ga kuma rajistar masu ciwon daji da ake riƙewa a Yamai tun 1992; muna so yaran Adar su shiga cikinta, har da waɗanda ba su kai can ba.

Bayan wannan zama za mu zagaya da ku ɗakin yara. Akwai iyaye mata da suka ce suna so su yi muku magana da bakinsu, na kuma yi musu alkawarin ba zan cinye lokacinsu ba.

Allah ya ja zamaninku, ya mai da ku gida lafiya. Wassalamu alaikum.