Cin Hancin da Ba a Biya da Kuɗi

Assalamu alaikum. Na baya kuna jina? To madalla. An ce in yi magana a kan yadda za a shigar da mata da masu buƙata ta musamman cikin yaƙi da cin hanci da rashawa. Abubuwa uku na tanada, in lokaci ya bari.

Na farko. Da an ce cin hanci, abin da ke faɗo wa mutum a rai shi ne ambulan, ko buhun kuɗi a gidan wani babba. Hukumomin yaƙi da rashawa, an kafa ICPC a 2000, EFCC ta biyo baya a 2003, kuma kusan duk labarin da muke ji daga gare su na biliyoyi ne. To, akwai cin hancin da ba a biya da naira. Da jiki ake biyansa. Ku yi haƙuri iyayena da ke gaba, dole a faɗa.

A watan Disamba na 2018, Babbar Kotun Tarayya da ke Osogbo ta ɗaure wani farfesa na Jami'ar Obafemi Awolowo shekara biyu, saboda ya nemi ɗalibarsa da lalata kafin ya ba ta maki. Wa ya gurfanar da shi? ICPC. Ku riƙe wannan. Hukumar yaƙi da rashawa ce ta kai shi, domin dokarta ba ta tsaya kan kuɗi kaɗai ba, ta haɗa da duk wata alfarma da ma'aikaci zai nema don ya yi abin da aikinsa ne. Kuma me ya kama shi? Yarinyar ta naɗi muryarsa a waya. Da ba ta naɗa ba fa? Ni da ku mun san abin da za a ce: idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ita za a fara tuhuma, me ta saka, me ya kai ta ofishinsa.

Namiji in ɗan sanda ya karɓi na goro a hannunsa, da yamma zai zauna a majalisa ya ba da labari, har a yi dariya. Alhaji ga shi yana murmushi, ya san zancen. Amma mace da aka nema da wannan abu, ko mahaifiyarta ba za ta iya gaya wa ba. Tana tsoron a cire ta daga makaranta, tana tsoron maganar aure ta lalace, tana tsoron bakin unguwa. Sai ta yi shiru. Da ta yi shiru, babu ƙara. Da babu ƙara, sai ofis ya rubuta rahoto cewa babu matsala. Shirun nan shi ne jarin mai laifin.

Ku je sansanin 'yan gudun hijira. A watan Oktoba na 2016 ƙungiyar kare haƙƙin bil'adama ta Human Rights Watch ta fitar da rahoto kan mata da 'yan mata 43 a sansanoni bakwai a Maiduguri, waɗanda aka yi wa fyaɗe ko aka yi lalata da su ta hanyar yaudara, kuma cikin waɗanda suka ambata akwai shugabannin sansani da jami'an tsaro. Mace mijinta ya ɓace, yara na kukan yunwa, mai rabon abinci ya ce ta dawo bayan isha'i. Abincin nan gwamnati ce ko masu agaji suka kawo, haƙƙinta ne. Mai binciken kuɗi in ya zo, buhuna zai ƙirga, ya ga lissafi ya cika, ya sa hannu ya tafi. Lissafi ya cika, jama'a, amma an ci amana. Wallahi wannan yana hana ni barci.

Na biyu, ƙofar kai ƙara. Ofis yana hawa na uku, babu hanyar keken guragu. Fom da Turanci. Kurma ya zo, babu mai fassara da hannu. Alhali akwai dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen gwamnati shekara biyar su gyara, ta kuma ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. Shekara biyar ɗin ta wuce.

Na huɗu... na uku ko? To, asibiti. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya a matakin farko. In aka karkatar da shi, mai naƙuda ce za a ce ta sayo safar hannu da auduga da tsakar dare. An nuna mini agogo. Akwai tambaya?

[Wani dattijo: Hajiya, ai matan ma in sun samu kujerar suna ci.]

Baba, Allah ya ƙara girma, gaskiya ka faɗa. Ban zo in ce mata waliyyai ne ba, kuma masu cewa a naɗa mace don ba ta sata, ban yarda da hujjarsu ba. A Janairun 2024 an dakatar da ministar jin ƙai Betta Edu kan zargin tura naira miliyan 585 zuwa asusun ƙashin kai na wata mata. Zargi ne, amma kuɗin na waye? Na marasa galihu. Duk wanda ya taɓa irin wannan kuɗi, mace ko namiji, a bincike shi.

Dalilina daban ne, Baba. Jikarka in wani malami ya matsa mata, ta shiga ofishin ƙorafi ta tarar da maza biyar a kan tebur, za ta buɗe baki? Ba za ta buɗe ba. Saboda haka nake so a sa mace a teburin karɓar ƙara, a ba ta ɗaki mai ƙofa, a ba ta ikon tura fayil sama ba sai ta nemi izinin wanda ake ƙara ba. Kuma a kwamitin asibitin mazaɓarku, a sa ungozoma, a sa mai keken guragu, a nuna musu takardar kuɗin da suka shigo. Ga wata baiwar Allah can ta daɗe da ɗaga hannu, don Allah a miƙa mata makirufo.